Suna Linzami Ne, Amma Takarda Ke Riƙe Da Shi

Duk ɗan Arewa da ya kwana biyu yana neman abinci a Kudu ya san cewa babban jarinsa shi ne sunansa. Mai goro a Sabon Shagamu, da mai shanu a Agege, da mai tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, da mai hula da turare a Sabon Badun, da ɗan canji a tsakiyar Ikko, dukkansu da suna suke ciniki kafin kuɗi. Da suna ake ɗora wa mutum kaya cike da mota daga Kano ko Sakkwato ba a ga ko sisinsa ba, da suna kuma ake ba shi bashi a ce ya kawo in ya sayar. Tun zamanin da ake aika goro Arewa ta jirgin ƙasa, fatake kan yi wa kowane huhu alama don kada kayan wani su shige cikin na wani. In kuwa gardama ta tashi, sai a tafi gaban mai gida ko gaban Sarkin Hausawa, a kira dillali da shaidu, kafin la'asar an raba gardama kowa ya kama gabansa.

To, yanzu ga wata irin rigimar suna ta ɓullo wadda mai gida ba shi da ikon rabawa, ba ta kuwa zuwa zauren Sarkin Hausawa. Ita ce rigimar adireshin intanet. Ciniki ya shiga wayar hannu, kuma 'ya'yan masu kilishi da masu turare da masu yadi sun fara buɗe wa iyayensu shafuna domin mai saye ya gani daga Fatakwal ko Landan ya aiko da kuɗi. Kowane shafi yana da sunan da ake bugawa a isa gare shi, wanda ke ƙarewa da .com ko .org ko .ng, kuma wannan suna shi ne kamar lambar rumfa a kasuwa. Wanda ya riƙe shi, shi masu saye za su tarar. Abin da ya kamata kowane mai sana'a ya sani tun da wuri shi ne, in aka yi rigima a kan irin wannan suna, ba a tambayar wanda ya fi shahara a unguwa. Takarda ake tambaya, da shaida, da kwanan wata.

MAFARIN RIGIMA

Dalilin da ya sa rigimar ba ta ƙarewa a fili yake. Adireshin intanet haya ake ba da shi shekara-shekara, kuma wanda ya riga zuwa shi ake ba. Kamfanin da ke yin rajistar ba ya tambayar mai nema ko sunan nasa ne ko na maƙwabcinsa, muddin dai babu wanda ya riga shi kuma ya biya 'yan kuɗin da aka yanka. Ita kuwa alamar kasuwanci, watau tambarin da mai kaya ke sa wa kayansa, dokarta dabam ce. Ƙasa-ƙasa ake rajistarta, kuma an kasa kaya da ayyuka aji 45, saboda haka mai shinkafa da mai atamfa suna iya amfani da suna guda ba wanda ya shiga gonar wani, haka nan mai sabulu a Nijeriya da mai sabulu a Indiya. Amma a intanet ƙofa ɗaya ce rak ga kowane suna a duniya duka. In mutum goma suna da haƙƙin suna guda, tara sai su haƙura ko su yi ƙara.

Wannan giɓi ne waɗansu masu wayo suka hango tun wajen 1995, suka riƙa kama sunayen manyan kamfanoni suna ajiyewa, su jira mai suna ya zo ya fansa. Su ne 'yan kama-wuri-zauna na intanet. Wani Ba'amurke, Dennis Toeppen, ya kama sunaye sama da 100, ciki har da na Panavision, kamfanin da ke ƙera na'urorin ɗaukar fim, sa'an nan ya ce a ba shi dala 13,000 ya saki. Kamfanin ya ƙi, ya kai shi kotu, kuma a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin gaskiya. Sai dai shari'ar kotu tana cin kuɗi da shekaru, balle in mai ƙara yana wata ƙasa, wanda ake ƙara yana wata, kamfanin rajista kuma yana ta uku. Wace kotu ce za ta ji, kuma wa zai tilasta hukuncinta a ƙetare?

Saboda haka hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 domin kula da tsarin sunayen intanet, ta fito da wata ƙa'ida a 1999 da ake kira UDRP, bisa shawarar WIPO, watau hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha da ke birnin Janeba. Dabarar da aka yi ita ce, duk wanda ya yi rajistar suna mai ƙarewa da .com ko .net ko .org da makamantansu, to cikin yarjejeniyar da ya amince da ita akwai sharaɗin cewa in an kai ƙararsa a kan sunan zai bi wannan hanya. Ko ya karanta ko bai karanta ba, ya riga ya sa hannu. An shigar da ƙara ta farko a watan Disamba na 1999. Kamfanin 'yan kokawa na Amurka, World Wrestling Federation, shi ya kai ƙarar wani mutumin Kaliforniya da ya kama sunansa ta hannun wani kamfanin rajista a Ostareliya, ya kuma nemi dala 1,000. Kafin ƙarshen Janairu na 2000 an yanke hukunci an mayar wa kamfanin sunansa. Daga nan ƙofa ta buɗe, har ya zama a 2023 kaɗai WIPO ta karɓi ƙararraki sama da 6,000.

SHARUƊƊA UKU

Wanda ya kai ƙara a wannan tsari, abu uku ake so ya tabbatar, kuma sai ya cika duka ukun. In ɗaya ya faɗi, ƙara ta faɗi. Na farko, ya nuna yana da haƙƙi a kan wata alamar kasuwanci, kuma adireshin da ake rigima a kai daidai yake da alamar, ko ya yi kama da ita har mai saye zai iya rikicewa. Na biyu, ya nuna wanda ke riƙe da adireshin ba shi da wani haƙƙi ko halaltacciyar bukata a kan sunan. Na uku, ya nuna an yi rajistar sunan da mugun nufi, ana kuma amfani da shi da mugun nufi.

Ƙa'idar ta ba da misalan mugun nufi. Akwai wanda ya kama suna musamman don ya sayar wa mai alamar, ko abokin gasarsa, a kan kuɗin da ya wuce abin da ya kashe. Akwai wanda ya mai da tare sunayen mutane sana'a. Akwai wanda ya kama sunan don ya ɓata cinikin abokin gasa. Sa'an nan akwai wanda ke jan masu saye zuwa shafinsa suna tsammanin wurin mai alamar suka zo, watau kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Har wa yau ta ba wanda ake ƙara hanyoyin kare kansa: ya nuna tun kafin a yi masa maganar rigima yana sana'ar gaskiya da sunan, ko kuwa da sunan nan jama'a suka san shi, ko kuma yana amfani da shi ne ta halaltacciyar hanya ba don neman riba ko yaudara ba.

Ba a zuwa gaban alƙali, ba a kiran shaidu su yi rantsuwa. A rubuce ake kome, ta wasiƙar intanet. Da zarar an shigar da ƙara sai a kulle adireshin don kada a sayar da shi ko a gudu da shi, a ba wanda ake ƙara kwana 20 ya ba da amsa. Bayan haka a naɗa mai hukunci ɗaya ko uku daga cikin masana doka, su kuma suna da kwana 14 su yanke. Galibi cikin wata biyu an gama. Hukuncin bai wuce ɗayan uku ba: a mayar wa mai ƙara adireshin, ko a soke shi, ko a kori ƙarar. Ba a biyan diyya, ba a ɗaure kowa. Wanda aka kayar yana da kwanakin aiki 10 ya shigar da ƙara a kotu ta sosai, in ya yi haka sai a dakatar da zartar da hukuncin. Kuɗin ƙara a WIPO dala 1,500 ne in mai hukunci ɗaya ne, dala 4,000 in uku ne, ban da ladan lauya, kuma mai ƙara ne ke biya. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, ƙaramin kuɗin nan kaɗai ya wuce naira miliyan 2.

DARASI DAGA IKKO

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta Turawa ce kurum. Ga misali nan a ƙofar gida. Kamfanin Konga, mai sayar da kaya ta intanet, wanda aka kafa a Ikko a 2012, ya wayi gari ya tarar an yi rajistar sunansa a ƙarƙashin alamomin waɗansu ƙasashe. A 2014 ya kai ƙara WIPO a kan adireshin konga.sc, na tsibiran Seshel, inda ya yi ƙarar kamfanin Rocket Internet na Jamus, wanda a lokacin yake bayan Jumia, babban abokin gasarsa. Duk mai bin cinikin intanet a Nijeriya a lokacin ya san Konga, kuma da a zauren mai gida aka yi shari'ar da wuya a daɗe ana magana. Amma ƙarar ta faɗi tun a sharaɗi na farko. Abin da kamfanin ya gabatar takardar neman rajistar alama ce wadda ba a kammala ba, kuma bai kawo isasshiyar shaidar da za ta nuna sunan ya riga ya zama alamarsa a idon masu saye ba. Da sharaɗi na farko ya rushe, sauran maganar ba ta da amfani.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce shafa wa naka ruwa. Kamfani mai lauyoyi da ofisoshi ya yi tuntuɓe a kan takarda, to ina ga Alhaji Wane mai kilishi, wanda shekara talatin yana ciniki da suna guda amma ko rasit bai taɓa ajiyewa ba? Gaskiya ne masu hukunci suna karɓar alamar da ba a yi wa rajista ba, amma sai mai ita ya kawo hujja mai ƙarfi: tun yaushe yake amfani da sunan, nawa yake sayarwa, ina tallace-tallacen da ya yi, ina jaridar da ta ambace shi. Cewa kowa a Agege ya san shi ba ta isa hujja a gaban mutumin da ke zaune a wata ƙasa yana duba takardu.

Akwai kuma kuskuren da ya yi yawa a tsakanin 'yan kasuwa, watau ɗaukar takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin rajistar alama. Abubuwa biyu ne dabam. Takardar CAC tana nuna an san da kamfani ko sunan sana'a. Rajistar alama kuwa a wani ofishi ake yin ta, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, bisa Dokar Alamun Kasuwanci ta 1965. Ana bincike a ga ko wani ya riga, a shigar da takarda, in an karɓa a buga a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko akwai mai ja, sa'an nan a ba da satifiket. Rajistar farko shekara 7 take yi, bayan haka a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Wanda ke da wannan satifiket, sharaɗi na farko ya zame masa kamar shan ruwa.

Sai dai a lura da kwanan wata. Tun da ƙa'ida ta ce sai an nuna mugun nufi tun ranar da aka yi rajistar adireshin, wanda ya fara sana'arsa bayan wani ya riga ya kama sunan da wuya ya ci nasara, gama ba a cewa mutum ya yi nufin cutar abin da bai wanzu ba tukuna. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

ƘARAMI MA YANA DA HAƘƘI

Kada kuma a ɗauka babban kamfani ne kullum ke da gaskiya. A 2001 masu alamar Armani, shahararrun maɗinkan Italiya, sun kai ƙarar wani mai zane-zane a Kanada a kan armani.com. Sai ga shi mutumin sunansa A. R. Mani, kuma da wannan suna ya daɗe yana sana'a. Mai hukunci ya kori ƙarar, ko da yake daga baya adireshin ya koma hannun kamfanin. A 2000 mawaƙin Ingila da ake kira Sting ya nemi sting.com ya rasa, domin kalmar ta kowa da kowa ce a Turanci, kuma bai iya nuna mugun nufi ba.

Labarin da ya fi waɗannan tsawo a kotun Amurka aka yi shi. Wani ɗan kasuwa mai suna Uzi Nissan, wanda Nissan sunan gidansu ne, ya fara sana'a da sunansa tun 1980, lokacin da motocin kamfanin Nissan na Japan aka fi saninsu da Datsun. A 1994 ya yi rajistar nissan.com domin kamfaninsa na kwamfuta. A 1999 kamfanin motoci ya maka shi kotu yana neman dala miliyan 10. An shafe wajen shekara takwas ana fafatawa, ya kashe dukiya mai yawa, amma adireshin bai bar hannunsa ba har ya rasu a 2020. Abin da ya tsaya masa shi ne ya iya nuna sunan nasa ne na gado, kuma yana da takardun shekarun da ya yi yana aiki da shi.

Darasin da ke nan ga ƙaramin ɗan kasuwa shi ne, in wasiƙar lauya ta zo tana barazana, kada ya firgita ya saki abin da ke nasa, kada kuma ya yi banza da ita. Wanda bai ba da amsa cikin kwana 20 ba, da takardun mai ƙara kaɗai za a duba maganar. Ya kuma kiyaye bakinsa wajen yanka farashi, domin wasiƙar da ya rubuta cikin fushi yana cewa a ba shi miliyan kaza ana iya ɗaukarta a kai gaban mai hukunci a ce ga shaidar mugun nufi. Ya nemi lauya kafin ya amsa. Ƙa'idar ta ma yarda mai hukunci ya bayyana a fili cewa mai ƙara ya zo ne da nufin ƙwace, in ya ga an kawo ƙarar don a danne mai gaskiya.

DOKAR GIDA

Adireshin da ke ƙarewa da .ng yana hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, mai ofishi a Ikko. Tana da nata tsarin sasanta rigima wanda aka gina a kan na ICANN, saboda haka wanda aka kama masa suna a .ng ko .com.ng can zai fara nufa. Wanda kuma ke son diyya, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar alamun kasuwanci. Mai alamar da ba ta da rajista ba zai iya ƙarar keta alama ba, sai dai ya yi ƙarar cewa wani yana sayar da kayansa da rigar sunansa, wannan kuwa hanya ce mai wuyar hujja.

Bugu da ƙari, abin da waɗansu samari ba su sani ba shi ne, a Nijeriya kama sunan wani laifi ne da ake ɗauri a kai. Sashe na 25 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya ɗauki suna ko alama ko adireshin wani da gangan, ba da izini ba, don ya hana mai shi amfani da shi. Kotu kuma tana iya umurtarsa ya mayar. Yaron da abokai suka ce masa kama sunayen kamfanoni hanyar arziki ce, ya kamata iyayensa su ja masa kunne. Sayen kalmar da ba ta kowa ba, kamar sunan wani abinci ko wata sana'a, a ajiye a sayar, wannan ciniki ne da ba a hana ba. Kama sunan da wani ya sha wahala ya gina kuwa, wannan jawo wa kai magana ne.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan mai suna kaɗai ba. Ɗan damfara kan canja harafi guda a sunan sanannen ɗan kasuwa, ya kwafi hotunan kayansa, ya sa lambar asusunsa. Mai saye ya tura kuɗi, kaya ba su zo ba, gobe sai ga shi a bakin rumfar mai gaskiya yana ihu. Baƙo kuwa a garin mutane ya fi kowa bukatar sunansa ya zauna da tsabta, domin laifin mutum ɗaya kan shafi unguwa guda.

ABIN YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai sana'ar da sunansa ya fara tafiya, ko da bai shirya buɗe shafi ba, ya kama adireshinsa tun yanzu a .com.ng da .ng, da .com in yana nan. Kuɗin shekara guda bai kai ko kusa da kuɗin ƙara ɗaya ba. Sa'an nan ya shigar da takardar rajistar alama, ya bi ta har satifiket ya fito, kada ya tsaya a takardar shaidar karɓa.

Abu na biyu, wanda ya fi cin mutane, shi ne sunan wa aka rubuta a rajistar. Yawancin 'yan kasuwa yaro suke ba kuɗi ya buɗe musu shafi, shi kuwa sai ya sa sunansa da lambar wayarsa da akwatin wasiƙarsa. Ranar da aka ɓata, ko ya bar gari, shi ne mai adireshi a idon kamfanin rajista. Irin wannan rigima kuwa sau da yawa masu hukunci kan ce ta ciniki ce tsakanin mutum da ma'aikacinsa, a tafi kotu. Saboda haka mai sana'a ya sa a nuna masa da idonsa cewa sunansa ko na kamfaninsa ne a rubuce, kuma kalmar sirri tana hannunsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na uku, a kula da ranar sabunta haya. Adireshin da wa'adinsa ya ƙare, bayan ɗan lokacin da ake ba mai shi ya fansa, komawa kasuwa yake yi, kuma akwai masu gadin irin wannan dare da rana. Ko kamfanin Microsoft ya taɓa mantawa da biyan kuɗin wani adireshinsa a Disamba na 1999, har masu amfani da Hotmail suka kasa shiga, sai wani bare ne ya biya masa dala 35. Na huɗu, a riƙa ajiye shaida: rasit, da hoton allon rumfa, da takardar talla, da leda ko kwalin da ke ɗauke da suna, kowanne da kwanan watansa.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Tsarin UDRP ya rage wahala, amma bai daidaita mai ƙarfi da mara ƙarfi ba. Tun 2001 Farfesa Michael Geist na Jami'ar Ottawa ya nuna masu ƙara sun fi cin nasara a gaban mai hukunci ɗaya bisa ga gaban uku, ga shi kuwa wanda ake ƙara in ya zaɓi uku sai ya biya rabin kuɗin. Ana yin shari'ar ne da harshen yarjejeniyar rajista, wanda ga ɗan Nijeriya Turanci ne, na lauyoyi ma. Cibiyoyin da ICANN ta amince su ji irin wannan ƙara har zuwa 2024 suna Turai da Amurka da Kanada da Asiya, babu ko ɗaya a Afirka. Ya kamata NiRA ta fassara ƙa'idodinta cikin Hausa da Yarbanci da Ibo, ta kai su kasuwanni. Ya kamata ofishin rajistar alamu ya gaggauta buga mujallarsa da ba da satifiket, tun da an ga yadda takardar da ba ta kammala ba ke kayar da mai ita. Ofishin da WIPO ta buɗe a Abuja a 2020 shi ma yana iya sa hannu wajen wayar da kan ƙananan 'yan kasuwa.

Kafin hukuma ta motsa, shugabannin kasuwa da Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu suna iya yin abin da ke hannunsu. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa tana tara kuɗin mako. Ba zai gagara ba a ɗauki lauya guda da wani amintaccen yaro mai ilmin kwamfuta su zauna yini ɗaya a ofishin ƙungiya, a bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, a duba wane ne sunansa ke da rajista, wane ne adireshinsa ke hannun wani, wane ne hayarsa ta kusa ƙarewa. Iyayen da suka yi wa huhun goro alama ba su jira sai kaya sun ɓace a tasha ba. Tun a gida suke shafa ta, kafin a ɗora.